Baƙo a Kura: Marina, Murhu da Ɗakin Soro

Wanda ya hau mota a Na'ibawa da ke Kano ya nufi kudu kan titin Zariya, da ya tsallake gadar Tamburawa zai ga gidaje sun fara ja da baya, gonaki suna matsowa. Daga Karfi zuwa Kura, ko a tsakiyar rani ne, ido ba ya rasa kore: shinkafa, masara, albasa, tumatir, ga magudanan ruwa suna bin gefen gonaki. Tsakanin Kano da Kura kilomita 30 ne da 'yar ɗoriya. Duk da haka, magidancin da ya kwaso iyalinsa daga birni ya kawo su nan ya yi ƙaura ta gaske, don ba mazauni kaɗai ya sauya ba, har da yadda zai ci, yadda zai kwana, da yadda zai zauna da mutane.

Har gobe masu barin ƙauye su shiga birni sun fi masu dawowa yawa, nesa ba kusa ba. Amma masu dawowar suna nan, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ma'aikacin da ya yi ritaya ya miƙa makullin gidan gwamnati. Akwai malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Akwai matar da mijinta ya rasu ta dawo gaban danginta da 'ya'ya, da amaryar da aka ɗauko daga birni aka kawo ta. Sai kuma waɗanda tsadar rayuwa ta koro. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A tsakiyar shekarar 2024 ɗin, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mai albashi da ke biyan haya a birni, yana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, yana auno shinkafa kwano-kwano, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba kafin ya tuna yana da kangon gado a garinsu.

Da yawa suna zuwa ne da tunanin hutu. Sun ga garin ne a ranakun Sallah, an dafa, an yi ado, kowa na murna da zuwansu. Zaman dindindin wani abu ne daban. Abin da birni ke karɓa da kuɗi, ƙaramin gari da ƙafa da hannu yake karɓar sa.

Gaisuwa kafin gini

Aikin farko na baƙo ba gini ba ne, gaisuwa ce. Zai je wurin mai unguwa, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙonka ne ya zo gaisuwa." Zai san limami, ya san dattawan da ke zama a ƙofar masallaci bayan La'asar. Ko da asalinsa ɗan garin ne, in ya shekara ashirin a Kano ko Kaduna sai ya sake gabatar da kansa, don yaran da ya bari sun zama magidanta, kuma ba su san shi ba sai a labari. Za a tambaye shi ɗan gidan wane ne kafin a tambayi aikinsa.

Daga nan sai bin sha'ani. Suna da sassafe, ɗaurin aure bayan Juma'a, jana'iza duk lokacin da ta faɗo, zaman makoki, dubiya. A birni mutum na iya turo saƙon waya ya ce aiki ya riƙe shi, a karɓi uzurinsa. A nan an san motarsa na ƙofar gida. Ba wanda zai ce masa uffan in bai je ba, amma ranar da nasa ya taso zai ga tabarmin da ya shimfiɗa sun yi yawa. Zumunta a ƙafa take, kuma a gari irin Kura ana lura da ƙafar da ta taka da wadda ba ta taka ba.

Marina

Sunan Kura ya riga shinkafarta fita duniya, kuma rini ne ya fitar da shi. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa har shuninsa ya kama musu fata, daga wannan yanki suke fitowa. Aikin hannu ne daga farko har ƙarshe, kuma ba hannu ɗaya ba. Masaƙi zai saƙa ƙyalle siriri ƙwarai, maɗinki ya harhaɗa layukan su zama zane, marini ya tsoma shi cikin baba sau da yawa har ya yi duhun da ake so. Sai a kai gidan bugu. A can ake shimfiɗa shi kan gungume, a barbaɗa masa garin shuni, mabuga su yi ta dukansa da manyan sanduna, ɗaya na saukewa ɗaya na ɗagawa, har ya ɗauki ƙyallin da ya sa ake sayen sa da tsada a Agadas da sauran garuruwan Sahara.

Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne ba a manyan masana'antu ake yin su ba kamar a Turai; aiki ne da ke ciyar da iyalai ba tare da ya raba su da gidajensu ba. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a 1975 kan wannan sana'a, ya kuma nuna cewa ƙarfinta ba a cikin ganuwa kaɗai yake ba, yana garuruwan da ke kewaye da birnin. Masu yawon buɗe ido karofin Ƙofar Mata ake kai su, su ɗauki hoto su tafi. Amma babban rabon rinin fatauci a garuruwa irin su Kura aka yi shi.

Baƙon da ya zo da sha'awar koyon rini zai fara da koyon jira. Ana haɗa baba da toka da ruwa a rami mai zurfi, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya. Marini na duba kumfa, ya sansana, wani lokaci ya ɗanɗana, kafin ya yarda ramin ya nuna. Zanen da aka tsamo yakan fito da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Ba a gaggauta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa shunin kanti ya samu shiga, don yana rage kwanaki, kuma shi ya sa ramuka da dama a ƙasar Kano suka zama juji. Yadin waje mai araha ya cika kasuwa, rashin tsaro a Sahel ya wahalar da fatauci, samari kuma sun ga babur ya fi kawo kuɗin cefanen yau.

Gaskiyar magana, mutumin da ya haura hamsin ba zai zama marini ba. Sana'ar gado ce, hannu ke koyon ta tun yana ƙarami. Abin da ɗan birni zai iya kawowa daban ne: ya san inda masu saye suke, ya iya lissafi, ya iya ɗaukar hoto ya sa a waya. In ya zo da ladabi ya zauna a bakin karofi ya saurara, zai yi amfani. In ya zo da niyyar gyara wa mutane sana'ar kakanninsu cikin mako biyu, za a ce masa "to, Alhaji", a ci gaba da abin da ake yi.

Ɗakin soro

A wajen gini ne mafi yawan masu dawowa suke tafka kuskuren da ya fi tsada. Da kuɗin sallama sun shigo hannu, sai a rushe tsohon soro, a kawo bulo da siminti, a ɗora kwanon rufi, a shimfiɗa tayil, a ja katanga mai tsawo a kafa mata ƙofar ƙarfe. Gida ya yi kyau a hoto. Sai watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, wutar lantarki ba ta nan, mai gidan ya ɗauko tabarma ya fito tsakar gida yana fifita, maƙwabcinsa mai ginin ƙasa kuwa yana ciki yana ƙailula.

Ba sihiri ba ne. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da gari ya huce. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi yake riƙe ɗakin har asuba. Rufin soro azara ce, wato tsagin giginya wanda gara ba ta cika damun sa ba, a jera ta a shimfiɗa tabarma ko zana, a ɗora ƙasa. Ƙananan tagogi a sama suna fitar da iska mai zafi ba tare da sun shigo da rana ba. Zaure na tare baƙo da ƙura, tsakar gida na ba mata sarari da sirri. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun kai wannan ilimi matuƙa da bakan gizo da ɗaurin guga, amma tushensa ɗaya ne da na ɗakin talaka.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne soron da marinar a ɗaure suke da juna. Dattin da ke kwantawa a gindin ramin rini, wato katsi, shi ake kwashewa a shanya, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara, ya zama laso. Da lason ake shafe rufin soro don kada ya yi yoyo, da shi kuma ake shafe cikin ramin rinin kansa. Makuba, wadda ake shafa wa bango ta ba shi duhun ja ta kuma kare shi daga ruwa, daga ɓawon ɗorawa take, bishiyar da kalwarta ke zama daddawa. Marini, majemi, magini da mai daddawa, sharar wani ce kayan aikin wani. Idan marina ta mutu, katsi ya yi wuya. Idan aka sare ɗorawa aka yi gawayi, makuba da daddawa sun tafi tare. Mutumin da ya ce yau zai gina soro irin na kakansa zai tarar ba ƙasa ce matsalarsa ba, mutanen da ke kewaye da ginin ne suka ragu.

Kuma ginin ƙasa yana da haƙƙinsa. Kowace shekara kafin damina sai an hau an duba rufi, an yi yaɓe, an share indararo. Wanda ya yi sakaci shekara biyu uku, ruwan Agusta zai tuna masa, wani lokaci da asarar rai. Shi ya sa ba na ganin laifin wanda ya gaji ya sa kwano. Masu dabara suna bin tsakiya: su yi harsashi da dutse ko siminti don danshi, su bar bangon ƙasa mai kauri, su ɗora kwano a saman rufin soron da tazara tsakani, su dasa darbejiya ko mangwaro a tsakar gida. Wannan gida ba zai burge 'yan ɗaurin aure ba, amma ana barci a cikinsa.

Cikin ɗaki kuwa hurumin mata ne, kuma a nan ne gida ke zama gida. A da, in za a kawo amarya, matan unguwa ke taruwa su yi daɓe: a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasan ya yi sumul. Siminti da leda sun kusa kashe daɓe, amma jere bai mutu ba, kaya kawai ya sauya. Inda kakanni suka jera ƙore da tasoshi, iyaye suka jera kwanonin sha da langa, 'ya'ya yanzu suna jera tangaran da kuloli a cikin kabad. Faifan da aka saƙa da zare mai launi na nan a bango. Randa na nan a lungu, an rufe ta da faifai, ruwanta ya fi na firijin da ba wuta. Da magariba a sa garwashi a kasko a zuba turaren wuta. Da hunturu kaskon nan shi ne ke tara yara wuri guda, ana gasa gyaɗa ko dankali ana tatsuniya. Sai dai a fitar da shi kafin a rufe ƙofa a kwanta, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Murhu

Abincin Kura ruwan Tiga ne ya sauya shi. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta magudanai zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, aikin da yanzu ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ƙasar da a da gero da dawa take bayarwa sau ɗaya a shekara ta koma ba da shinkafa da damina, alkama da kayan lambu da rani. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tasha a Kadawa saboda wannan noma. Yau duk wanda ya ratsa Kura zai ji ƙarar injinan casa, ya ga shanshera a shanye a kan tamfol, ya ga hayaƙin masu turara shinkafa, aikin da mata ke da babban hannu a ciki: a jiƙa ta, a turara a manyan tukwane ko ganguna, a shanya, sannan a kai inji.

Matar da ta saba da shinkafar kanti za ta fara da koyon rege, don 'yar gida takan zo da tsakuwa in ba injin zamani ya tsince ta ba. Za ta koyi cewa wadda ta yi kyau a tuwo ba ita ce ta dafa-duka ba, kuma sabuwa ta fi tsohuwa saurin caɓewa. Amma babban darasin shi ne na lokaci. A birni cefane na yau ne. A nan na shekara ne. Da kaka ake sayen hatsi da wake a ajiye, lokacin da manomi ke neman kuɗi farashi ya faɗi. Da sanyi, in tumatir ya cika kasuwar Kwanar Gafan har ana rasa masu saye, a lokacin ake yanka shi a shanya ya zama kauɗa, a shanya tattasai da attaruhu da albasa. Kuɓewa a yanka ta bushe, kuka a daka a tankaɗe, zogale da rama a shanya a inuwa don kada su yi fari. Matar da ta yi wannan aiki ba ta san tsadar kayan miya ta farkon damina ba. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016 don ya kama wannan amfani da ke lalacewa, a shekarar ce kuma tsutsar tumatir ta cinye gonaki, kuma tun daga lokacin masana'antar na buɗewa tana rufewa. Shanyar da mata ke yi a tsakar gida ba ta taɓa tsayawa ba.

Daddawa ta fi kowane aiki nuna bambancin girkin nan da na birni. Kalwa za ta kwana a wuta kafin ta yi laushi, a surfa ta a turmi, a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Ba kowace mace ke yi ba, kowace unguwa da gwanarta, kuma baƙuwa ba za ta daɗe ba za ta san ƙofar. Miyar kukar da aka yi da wannan daddawa, da ɗan man shanu a kai, ba ta buƙatar dunƙule uku.

Kada dai a yi wa murhu kirarin da bai cancanta ba. Duwatsu uku da itace ko kara ko ɓuntun shinkafa suna ba tuwo ƙamshi, amma matar da ke durƙushe a gabansu safe da yamma ita ke shaƙar hayaƙin, ita da goyonta. Ciwon ido da tari na matan karkara ba ƙaddara ce kawai ba. Mai gidan da ke yabon tuwon itace daga zaure ya kamata ya shiga madafa sau ɗaya da damina, lokacin da itacen ya jiƙe. Gas ya yi tsada, gawayi kuma shi ke cinye bishiyoyin. Murhun laka ko na ƙarfe mai rage cin itace, da madafa mai taga ko buɗaɗɗen gefe, ƙaramin gyara ne da ya fi tayil ɗin falo amfani.

Ta murhun ne kuma baƙuwa ke shiga gari. Kwana biyu da sauka za ta ji sallamar yaro ɗauke da kwano rufe da faifai: "Inna, wai in ji Umma, ga shi ba yawa." Amsar da ake jira ita ce, "Kai, har da wahala? Ka ce mata na gode, Allah Ya bar zumunci." Kuma kwanon ba ya komawa wayam. In ba yau ba, gobe za a mayar da shi da ɗanwake, ko dambu, ko wani abin birni da maƙwabciyar ba ta saba ci ba. Wadda ta wanke kwanon ta mayar haka nan, ba za a zage ta ba. Za a ce ita 'yar birni ce, kuma wannan suna yana daɗewa kafin ya goge. Daga musayar kwano ake kai wa ga aron turmi, daga nan a shiga adashe, daga adashe a ƙulla biki, inda abin da ka kai wa wata ranar sunanta zai dawo maka da ƙari ranar naka.

Kasuwar da ba ta da rumfa

Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta kuma wallafa littafinta kan garin a 1972, ta lura da wani abu da jami'an gwamnati ba sa gani: babban ɓangare na cinikin gari a cikin gidaje ake yin sa, a hannun matan da ba sa fita, yara ne ke kai da kawowa. Haka abin yake har yau. Bayan kowace katanga akwai sana'a. Wannan na matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli, waccan fura, waccan waina da safe. Wata ɗinkin hula take, allura da zare, hula ɗaya ta ci mata makonni. Wata saƙar faifai da mafici, wata kayan sanyi na jarirai da kwarashi, wata turaren wuta da humra.

Abin da ya sauya shi ne ɗan aike. A da farantin talla ne kaɗai, kuma kowa ya san abin da talla ke ci: karatun yarinya, wani lokaci fiye da karatu. Yanzu waya ta karɓi wani ɓangare na aikin. Mace na ɗaki za ta sa hoton hulunanta a WhatsApp, mai saye a Abuja ya turo kuɗi, a ba direba saƙo a tasha. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023, duk da wahalar da ya jawo, ya tilasta wa mata da yawa buɗe asusu. A nan 'yar birni ke da abin bayarwa. Ita ta san yadda ake ƙulla kaya su yi kyan gani, ta san abin da matan ofis ke so, ta san cewa garin kuka mai tsabta a cikin roba mai murfi ya fi na ƙullin leda daraja a idon mai saye. Maƙwabciyarta kuma ta san aikin. In suka yi gaskiya da juna, duka biyu sun ci. Inda abin ke ɓaci shi ne in mai wayar ta koma dillaliya, tana saye da arahar ƙauye tana sayarwa da tsadar birni, mai allurar kuma ba ta san nawa aka sayar ba. Irin wannan ba ya ɓoyuwa a ƙaramin gari.

Duk da haka, ba kowane mai dawowa ke jure zaman garin ba. Ruwan da ya kawo shinkafa ya kawo sauro, kuma yaran da ke wanka a magudanai suna ɗaukar tsargiya. Ciwo in ya yi tsanani sai an nufi Kano, cikin dare ko da rana. Wutar lantarki sai wanda ya iya sayen sola. Iyayen da suka saba da makarantun kuɗi na birni sukan raba gida biyu saboda karatun yara. Sirri kuma ya yi ƙaranci: an san abin da ka dafa, an san wanda ya zo wurinka, an san ranar da kuka yi faɗa da matarka. Wasu shekara ɗaya suke yi su kulle sabon gidan su koma haya a birni, su riƙa zuwa da Sallah kamar da. Waɗanda suka zauna galibi su ne waɗanda suka samu abin yi da hannunsu, ko 'yar gona a bakin magudana, ko kiwon tumaki a bayan gida, ko ɗinki, ko koyar da yaran unguwa da yamma. Zaman banza a ƙaramin gari ya fi na birni nauyi, don babu inda za ka ɓuya.

Akwai kuma wani lissafi da mai shirin dawowa ya kamata ya yi, shi ne birnin da ya gudu yana biye da shi. Tun da aka sabunta titin Kano zuwa Zariya tafiya ta yi sauƙi, masu sayen fili suka ƙaru, gonakin bakin hanya suna komawa fulotai da gidajen mai da rumbunan ajiya. Polly Hill ɗin nan, bayan Ɓatagarawa, ta sake yin wani bincike a farkon shekarun 1970 kan manoman karkarar Kano, masu zaune a gidaje warwatse cikin gonakinsu. Wurin da ta zaɓa a matsayin karkara shi ne Ɗorayi, wanda yau birni ya haɗiye.